Tanti, Tamfol, Ɗakin Ƙasa ko Kuɗin Haya: Ina Ya Kamata Gudummawar 'Yan Gudun Hijira Ta Tafi?

Wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, ruwan madatsar Alau ya riga ya shiga Maiduguri. Ya cinye Gwange da Fori, ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehu, har gidan namun daji bai tsira ba. Rabon garin da ganin irin wannan ambaliya tun 1994. Gwamnatin Borno ba ta da zaɓi illa ta sake buɗe sansanin Bakassi, wanda ita da kanta ta rufe a ƙarshen 2021. Daga nan gudummawa ta fara zuba: attajirai, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kwamitocin masallatai, 'yan gari mazauna Legas da Abuja da ƙasashen waje. Haka aka yi a Jigawa a daminar 2022, haka aka sake yi a Mokwa bayan ambaliyar ƙarshen watan Mayun 2025.

Tara kuɗi ba shi ne mai wuya a wurinmu ba. Wuyar tana zuwa ranar da aka zauna a zauren shugaban kwamiti, kuɗi na cikin asusu, wani ya ce a sayo tantuna, wani ya ce kwano da katako, wani ya ce a raba wa kowa kuɗinsa a hannu a huta. Masu irin wannan zama nake rubuta wa, ba manyan hukumomin agaji ba, domin su suna da injiniyoyinsu.

Kafin a taɓa ko sisi, a san wane irin ɗan gudun hijira ake magana a kai. Wanda ruwa ya kora daban, wanda bindiga ta kora daban. Na farko yana kallon unguwarsu daga tudu, yana jiran ruwa ya janye ya koma ya kwashe laka. Mako uku, wata biyu, ya tafi. Na biyu bai san ranar komawa ba. Mutanen Bama da Gwoza da suka shigo Maiduguri a 2014 sun zo ne da niyyar 'yan kwanaki, wasunsu suka shekara bakwai a sansani, yaran da aka goyo aka shigo da su suka isa shiga firamare a can. Sansanin Minawao na arewacin Kamaru an buɗe shi a 2013 saboda 'yan Najeriya, kuma ya wuce shekara goma da mutane a ciki. Duk wanda ya sayi matsugunin wata shida ya ba mutumin da zai shekara shida, ya sani zai sake saye sau da yawa, ko kuma ya bar shi a cikin tsumma. Bayan wannan sai tambayar filin: na wane ne, kuma ya yarda a zauna har yaushe? Sai ta lokaci: damina ce, hunturu ne, ko bazara? Waɗannan ukun su ke yanke hukunci, ba kyan abin a hoto ba.

Makaranta da sauran gine-ginen gwamnati ba sai na daɗe a kansu ba. Daren farko da na biyu babu abin da ya kai su: ga rufi, ga bango, ga fili, ba a kashe ko kwabo ba. Amma makewayin da aka gina wa ɗalibai masu zuwa da safe su tashi da azahar ba zai ɗauki iyalai ɗari dare da rana ba, kuma benci yakan koma itacen girki kafin a farga. Maiduguri ta ga wannan: an rufe makarantun gwamnati a 2014, da yawansu suka zama sansani, sai a 2016 aka kwashe mutane aka buɗe na sakandare. 'Ya'yan masu masauki sun yi asarar karatu, baƙin ma ba su ji daɗin zaman ba, miji a wani aji, mata da yara a wani. In an sauke mutane a makaranta, tun ranar a fara shirin inda za su koma.

Tanti shi ne abin da ya fi shiga ran masu bayarwa, kuma na gane dalili. Farare, a jere, an buga sunan ƙungiya a jiki, a ɗauki hoto a tura wa waɗanda suka ba da kuɗi su ga inda ya tafi. Yana da amfaninsa na gaskiya: cikin awa guda mutum uku sun kafa shi, ba a bukatar kafinta, in an tashi a naɗe a tafi da shi. Tantin iyali na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya murabba'in mita 23 ne in an haɗa da 'yan barandoji biyu na gaba da baya, ainihin wurin kwana kuma mita 16. An yi shi ne domin mutum biyar, kuma shekara guda ake sa ran ya yi lafiya lau.

To, a tsaya a kan wannan mutum biyar ɗin. Ma'aunin da ma'aikatan agaji ke bi a duniya, wanda ake kira Sphere, ya ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita uku da rabi a ƙarƙashin rufi. Ɗakin da muka saba ginawa, ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, mita 13 ne da 'yan kai, wato da kyar yake isar mutum huɗu a wannan lissafi. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara da tsohuwar uwarsa fa? Mutum goma sha uku ke nan, tanti uku suke bukata, kuma ko an ba su ukun, ba a raba musu tsakar gida ba. Wanda ya zana tantin bai yi tunanin kishiya ba, bai yi tunanin suruka ba, bai yi tunanin budurwar da ta isa ta daina kwana ɗaki ɗaya da yayyenta maza ba.

Sai zafi. Wanda bai taɓa shiga tanti da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu a Borno ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba zai gane ba. Iskar ciki takan yi nauyi kamar ta gidan burodi, ruwan da ke cikin jarka ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta. Shi ya sa in ka zaga sansani da rana za ka tarar tantuna wayam, mutane duk sun fito sun rakuɓe a 'yar inuwar da tantin ya yi a gefe, ko sun kafa rumfar zana a bakin ƙofa. Ga shi daga waje ake shigo da mai kyau, da kuɗin waje, in ya yage babu telan da ke da irin yadinsa, in sanda ɗaya ta karye babu irinta a kasuwa. Waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu kuwa, yawancinsu na 'yan yawon shaƙatawa ne ko rumfar biki; hadarin farkon damina ɗaya ya ishe su. A ganina, kwamitin da kuɗinsa ƙididdigaggu ne bai kamata ya sayi tanti ba, sai dai in kyauta aka ba shi, ko kuma za a yi ɗakin shan magani da wurin ajiyar kaya na 'yan makonni.

Akwai wani ɗan'uwan tanti da ake yawan nunawa a talabijin, ɗakin roba mai ƙashin ƙarfe da ake kira Better Shelter, wanda gidauniyar IKEA, kamfanin kayan ɗaki, ta tallafa aka ƙera. Murabba'in mita 17 da rabi ne, yana zuwa a kwali biyu, yana da ƙofa mai kulle da 'yar fitilar sola, ana sa ran ya shekara uku. Ya fi tanti mutunci nesa ba kusa ba, ko da yake birnin Zurik na Suwizalan ya fasa amfani da samfurinsa na farko a 2015 bayan gwajin gobara, aka koma aka gyara shi. Amma hukumomi ke odarsa da yawa. Ba abin da kwamitin unguwa zai shiga kasuwa ya ɗauko ba ne.

Abin da ya fi rufa wa mutane asiri a arewa maso gabas, in za a faɗi gaskiya, shi ne tamfol da katako. Ma'aikatan agaji a Borno har sunan garuruwa suka sa wa nau'o'insa, su ce irin na Bama, irin na Dikwa. Ƙashin katako ne mai siffar ɗaki, a lulluɓe shi da tamfol sama da gefe, a yi masa ƙofa. Kafinta ɗaya da yara biyu sukan gama ɗaya a yini. Mutum na iya miƙewa tsaye a ciki, a rataya labule a raba shi biyu, kuma kuɗin tanti ɗaya mai kyau yakan yi fiye da ɗaya na wannan. Komai nasa ana samu a gari, kuɗin aikin ma a aljihun 'yan gari yake faɗawa.

Sai dai tamfol suna ya tara. Shuɗin nan mai sheƙi da ake rufe buhunan hatsi a bayan mota, rana takan cinye shi cikin 'yan watanni, ka taɓa shi ya ruɓushe kamar busasshen ganye. Na agaji fari ne ko ruwan toka, mai kauri, an sa masa maganin rana, yana da zirin ƙarfafawa a jikinsa, faɗinsa mita 4 tsawonsa 5 ko 6. Ya fi tsada, ya kuma fi arha, don ba za a sake saye kafin damina ta fita ba. Yadda aka kafa shi ma rabin ƙarkonsa ne. In aka buga ƙusa kai tsaye a jikin tamfol, iska ta farko za ta yage shi daga wurin ƙusar. Kafintan da ya san aiki yakan naɗe bakin tamfol ɗin a jikin siririn katako sannan ya buga, ko ya sa marfin kwalbar lemo ko guntun robar taya a kan kowace ƙusa. A ja shi ya ɗame sosai, domin tamfol mai lilo shi ke tara ruwa ya yi ciki, shi ne kuma iska ke kaɗawa har ya gaji. Ƙafafun katakon a shafe su da baƙin mai kafin a binne, in ba haka ba gara ta gama da su kafin shekara. A ɗaga daɓen ciki da ƙasa ko da taƙi ɗaya ne, a yi 'yar magudana a kewaye. A bar tazara tsakanin bango da rufi iska ta riƙa fita, in da hali a shimfiɗa zana a sama da rufin, da ɗan sarari a tsakani. Wannan kaɗai yakan sauke zafin ciki yadda kowa zai ji a jikinsa.

Aibinsa biyu ne da masu bayarwa ba su cika gani ba, domin da rana suke zuwa. Da dare in an kunna fitila a ciki, duk wanda ke waje yana ganin inuwar na ciki a jikin tamfol, mai canza kaya da mai shayarwa. Shi ya sa za ka ga mata sun bi bangon da tsofaffin zannuwa da buhuna. Na biyu, reza ɗaya ta isa ta buɗe bangon. Matar da aka kashe mijinta, tana kwana da 'ya'ya mata, kwaɗon da ke ƙofarta bai tsare mata komai ba. In kwamiti zai yi irin wannan ɗaki, ya ƙara ɗan kuɗi a kewaye ƙasan bangon da zana ko tsohon kwano, a sa ƙofa ta gaske mai sakata ta ciki. Ranar da aka tashi kuwa, tamfol da katakon ba su zama asara ba: a shanya hatsi, a rufe rumbu, a yi rumfar awaki.

Bukkar ƙara da zana ita ce mutane ke yi wa kansu tun kafin wani ya zo da taimako, kuma ba don sun rasa wayo ba ne. Ta fi duk waɗanda na ambata sanyi, kowa ya iya ɗaura ta, bayan kaka kayanta kusan kyauta ne. Da za a ɗora mata tamfol ɗaya a ƙarƙashin jinka saboda yoyo, da ta yi wa tanti fintinkau. Matsalarta wuta. Sansanin Muna na bakin Maiduguri da sansanonin Monguno sun sha gobara ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, yawanci a rani, lokacin da komai ya bushe ƙayau kuma iska ke kaɗawa. Garwashi ɗaya daga murhu, ko yaro ya ture fitila, kafin a ɗebo ruwa layi guda ya tafi, har da katin karɓar abinci da 'yan kuɗin da aka ƙulle a bakin zane. Tamfol ma ba ya tsira, narkewa yake yana ɗiga a jikin mutum. Maganin ba a jikin bukkar yake ba, a tazara yake. Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla mita biyu tsakanin ɗaki da ɗaki, in fili ya isa a bar ninki biyu na tsayin ɗakin, sannan duk bayan mita 300 a bar sarari mai faɗin mita 30 da babu komai a cikinsa. Na san abin da za a ce: fili ya yi kaɗan, mutane na ta zuwa. Gaskiya ne, kuma wannan sararin shi ne farkon abin da sababbin zuwa ke cikewa. Sai an ɗora wa wani alhakin tsare shi, kuma a ware wurin girki nesa da bango, da ɗan katangar ƙasa a kewayen murhu. Wani abin lura: a garuruwan da aka kewaye da ramin tsaro, fita yankan ciyawa da sarar itace kasada ce ta rai. Kada kwamiti ya ce “ai su yi bukka, ciyawa kyauta ce” alhali sai an shiga daji ake samo ta.

Yanzu ga wanda zuciyata ta fi karkata gare shi in zama zai wuce damina ɗaya: ɗakin ƙasa mai rufin kwano. Ba sabon abu ba ne, shi iyayenmu suka sani, ko da tubalin gargajiya mai kan mazugi ko da bulon ƙasa da ake bugawa a akwatin katako. Kaurin bangon yakan riƙe sanyin dare ya kai shi tsakar rana, ya riƙe ɗumin rana ya kai shi daren hunturu. Wuta ba ta cinsa, reza ba ta yanka shi, fitila ba ta tona asirin na ciki. Masu gudun hijirar da kansu za su haƙa ƙasa, su kwaɓa da ciyawa, su buga bulon, su yi ginin. A cikin kowane ƙauye da aka tarwatsa akwai magina. Abin da kwamiti zai saya shi ne abin da ba a haƙowa a ƙasa: kwano, katakon rufi, ƙusa, ƙofa, taga, sai ɗan siminti na tushe in kuɗi ya kai. A biya maginan ladan aikinsu, ya zama taimako biyu a ɗaya. Mutumin da ya yi wata takwas yana bin layin shinkafa, ranar da ka miƙa masa cebur da ladan yini, za ka ga yadda tafiyarsa ta canza.

Amma ɗakin ƙasa yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake su ya zubar da kuɗi. Bulo ba ya bushewa a damina, saboda haka wanda ruwa ya kora a watan Agusta ba za a ce masa ya jira bulo ba. Ya shiga tamfol tukuna. Lokacin bugu daga Nuwamba ne zuwa Maris, a yi rufi kafin guguwar farkon damina. Aikin yana shan ruwa sosai, in rijiyar burtsatse ɗaya ce ake sha daga ita, sai an yi tsari, in ba haka ba masu bulo da masu tulu za su yi rigima. Kwano tsirara kuma tanda ne da rana, yana bukatar silin ko da na tabarma ko asabari ne. A fito da bakin rufin ya zarce bango sosai saboda feshin ruwa, a ɗaure katakon rufi da waya a cikin bango don iska ba ta raina kwano, a yi yaɓe duk shekara. Uwa uba, kada a gina shi a kwari. A ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja gidajen ƙasa ne suka fi zubewa, ruwa ya kwanta a gindinsu kwana biyu uku sai bango ya jiƙe ya zauna, wani lokaci da mutane a ciki. A fadama ko bakin kogi, tamfol da katako ya fi ɗakin ƙasa aminci, don in ya faɗo ba ya kisa.

Sharaɗin da ya fi duka girma shi ne fili, kuma nan ne na ga aiki mai kyau ya lalace. Mai gona ya ce don Allah ya bayar, ku gina. Aka gina ɗakuna talatin. Bayan shekara biyu ya rasu, magada suka zo rabon gado, ko gari ya matso filin ya yi daraja, ko shi da kansa ya duba ya ga ɗakuna talatin da za su iya kawo haya. Sai a wayi gari an ba baƙi wa'adin wata guda. Kayan aro ba ya rufe katara. Tamfol a naɗe a tafi da shi, bango kuwa ba ya bin mai shi. Saboda haka kafin a buga bulo ɗaya a rubuta takarda: shekara nawa aka ba da aron filin, ba haya ko da haya, in wa'adi ya cika kwano da ƙofa da taga na wanda ya zauna ne ya cire ya tafi da su, bango na mai fili. Mai fili ya sa hannu, manyan 'ya'yansa su sa, mai unguwa ko bulama ya shaida, a kai kwafi ƙaramar hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a karkara, don haka amincewar baki ta dattijo ɗaya ba ta tsare kowa ranar da abu ya kai gaban hukuma. Wasu za su ce neman takarda a wurin mai kyauta rashin kunya ne. A lallaɓa a gaya masa ba don shi ba ne, don bayansa ne.

Nijar ta gwada wata hanya da ta cancanci a duba. Da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara tsallakawa jihar Maraɗi a 2019 saboda 'yan bindiga, ba a yi musu katafaren sansani ba. An matsar da wasunsu daga bakin iyaka zuwa wuraren da aka tanada a gefen garuruwa irin su Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori, inda baƙo da ɗan gari ke shan ruwan famfo ɗaya, suna zuwa asibiti ɗaya. Harshe ɗaya ne, sau da yawa ma dangi ne, wannan ya sauƙaƙa. Amfaninsa shi ne ɗan gari ba ya kallon baƙo a matsayin wanda aka fifita a kansa. Irin gidajen da aka gina a Ngarannam ta ƙaramar hukumar Mafa a Borno, waɗanda mai zanen gine-gine Tosin Oshinowo ta zana aka buɗe a 2022, wannan kuma sake gina gari ne na dindindin, aikin gwamnati da manyan hukumomi. Ba sahun abin da muke aunawa a nan ba ne.

Na bar mafi girma a ƙarshe, domin shi ne ba a gani. Ƙididdigar hukumar kula da ƙaura ta duniya ta sha nuna cewa fiye da rabin waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raba da gidajensu ba a sansani suke ba, suna cikin gari ne, a gidajen dangi da abokan arziki da ɗakunan haya da kangaye. Wato babban mai ba da matsuguni a ƙasar nan ba wata hukuma ba ce, talaka ne mai ɗaki uku da ya wayi gari da mutum ashirin da biyar a gidansa. An kwashe buhuna daga ɗakin ajiya, samari sun koma kwana a zaure, tukunyar da ake ɗorawa da salla ta zama ta kullum. Ana cewa baƙo raɓa ne, to wannan raɓar ta ƙi bushewa. Wata uku na farko zumunci ke ɗaukar nauyin. Daga nan hatsin shekara ya ƙare a wata biyar, salga ta cika, matar gida da baƙuwa sun fara 'yar tsama a kan murhu da sabulu, maigida kuma kunya ba za ta bar shi ya ce a tashi ba, ba za ta bar shi ya je ya yi layin taimako ba.

Naira ɗaya da aka kashe a irin wannan gida ta fi naira ɗaya a sabon sansani aiki, don fili akwai, katanga akwai, rijiya ko famfon unguwa akwai, makaranta da kasuwa suna kusa. A gina ɗaki ɗaya a tsakar gidan, da sharaɗin baƙo zai zauna shekara kaza kyauta, daga baya ɗakin ya zama na maigida. A haƙa sabuwar salga. A riƙa kai hatsi da sunan gidan gaba ɗaya, ba da sunan baƙo kaɗai ba. Wanda ke cikin gari yana iya neman na kansa: dako, faskare, aikin gini, ko ɗinkin hula irin wanda matan Bama suka riƙe kansu da shi a Maiduguri. Wahalarsa ga kwamiti ita ce sai an bi gida gida, sai an tantance da masu unguwanni da limamai, kuma babu jerin fararen tantuna da za a ɗauka a hoto. Akwai kuma gidan da bai kamata a bar marainiya ko bazawara a cikinsa ba ko da an kira shi gidan dangi. A sa mata cikin masu zagayen, su ake gaya wa irin wannan.

Kuɗin haya ɗan'uwan wannan ne, kuma yana aiki a babban gari inda akwai ɗakuna a rufe. Cikin kwana biyu iyali sun samu ɗaki mai ƙofa da makewayi. Sai dai bayan ambaliya ɗakunan da suka tsira sukan yi tsada nan take, kuma in masu gidaje suka ji wata ƙungiya ce ke biya, farashi ya ƙara tashi, har ya taɓa 'yan hayar da ba ruwansu. Gara a ba iyalin kuɗin su yi cinikinsu da kansu a matsayin 'yan haya kamar kowa, a nemi su kawo rasit. Kada a manta da la'adar dillali. Tambayar da ba a so a yi ita ce ta wata na goma sha uku: an biya shekara, ta ƙare, wa zai biya ta biyu? In maigidan yana da sana'ar da za ta tashi a birni, tela ne ko makaniki ko ɗan kasuwa, haya gada ce mai kyau. In manomi ne da bai san komai ba sai fartanya, ko tsohuwa mai riƙon jikoki, haya jinkirta matsala ce kawai. Ɗaki a gidan dangi ko ɗakin ƙasa kusa da gonar aro ya fi musu.

Da ni ke riƙe da asusun, ga yadda zan yi. In ruwa ne ya kori mutane, ba zan gina komai ba. Kowane gida tamfol biyu masu kyau, igiya, ƙusa, tabarma, gidan sauro, don sauro ke biyo bayan ambaliya. Ragowar kuɗin in riƙe har ruwa ya janye, in ba su su gyara gidajensu, a ɗaga tushe, wanda gidansa ke kan hanyar ruwa a nema masa tudu. In rikici ne, zan fara da gidajen da suka sauki baƙi, sannan waɗanda ba su da kowa a yi musu tamfol da katako, da niyyar in rani ya shigo kuma takardar fili ta samu, a tayar da bangon ƙasa a kewayen ƙashin katakon nan, a musanya tamfol ɗin rufi da kwano, tamfol ɗin ya koma rumfar ƙofar ɗaki. Ta haka ba a sayi abu sau biyu ba.

Kowanne aka zaɓa, a cire kuɗin makewayi da ruwa tun kafin a ƙirga ɗakuna. Ƙa'ida ita ce kada mutum fiye da 20 su haɗu a makewayi ɗaya, kuma kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 na ruwa a yini. Kwalarar da ta ɓarke a Borno a watan Agustan 2017 daga sansanin Muna ta fara, a tsakiyar damina, inda ruwan sama ke haɗuwa da ƙazanta ya bi tsakanin bukkoki. Ɗaki arba'in da makewayi takwas sun fi ɗaki hamsin babu ko ɗaya. Na mata daban, da sakata ta ciki da fitila a hanya, kuma kada a kai shi can ƙarshen fili inda ba mai iya zuwa bayan isha'i.

Kafin kafinta ya buga ƙusar farko, a gina ɗaki ɗaya na gwaji, a kira matan da za su zauna su shiga su duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su za su ce ƙofar nan tana kallon ta maƙwabci a juya ta, tagar nan ta yi ƙasa mai wucewa zai leƙo, babu inda za a kafa danga a yi wanka, murhu in an sa shi nan hayaƙi ɗaki zai koma. Gyaran ɗaki ɗaya yini guda ne, kafin a maimaita kuskuren sau arba'in.